Amsoshin Wasiƙunku: Me Ke Kawo Raunin Gaba Ga Maza?

Kamar yadda muka saba, ga bayanin da aka karanta a filinmu na amsa wasiƙu na daren Laraba. Mun buga shi a nan domin waɗanda aikin gona ko tafiyar kasuwa ta hana su saurare, da kuma waɗanda suka ji amma suna so su ajiye su riƙa dubawa.

Wasiƙu goma sha ɗaya muka tara a kan magana guda, kuma babu ko mutum ɗaya cikin masu su da ya yarda a faɗi sunansa. To, mun sakaya. Muna kuma neman afuwar dattawa, domin maganar ta cikin ɗaki ce, amma ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wadda za mu karanta gaba ɗayanta ta fito ne daga wani ƙauye a yankin Funtuwa. Ga abin da mai ita ya ce:

"Bayan gaisuwa mai yawa. Ni manomi ne, ina kuma taɓa fataucin hatsi. Shekaruna 48, matana biyu, 'ya'yana tara. Yau wata goma sha huɗu ke nan da gabana ya fara rauni, tun ina biyan bukata da ƙyar har ya zama ba na iya komai. Wani ya ce basir ne, na sha saiwa da sassaƙe har na gaji. Wani ya ce sanyi ne. Daga baya aka kai ni wurin wani mai duba, ya ce uwargidana ce ta ɗaure ni saboda kishin amarya. Yanzu ko gaisuwa ba ta haɗa ni da ita, amarya kuma ta tafi gidansu ta ce sai na nemi magani. Na sayar da buhun masara shida da rago guda a kan wannan lalura. Ga jikin ma ba ƙwari, ina ta ramewa, dare ɗaya sai in tashi fitsari sau biyar ko shida, ga ƙishirwa kamar mai azumi a bazara. Don Allah ku gaya mini, me ke kawo wannan abu, kuma ana warkewa?"

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya ba ka lafiya. Kafin komai bari mu gaya maka, layin nan na ƙarshe da ka rubuta kamar ƙorafin gefe, watau yawan fitsarin dare da ƙishirwa da rama, shi ya fi tayar wa likitan da muka kai wa wasiƙarka hankali. Ya ce da kana gabansa, ba zai tambaye ka labarin ɗaki ba sai ya fara ɗiga jininka a kan na'urar awon suga. Za mu zo kan dalilinsa. Amma sai mun fara bayyana yadda abin ke aiki idan lafiya lau ake, domin wanda bai san hanyar ruwa ba, ba zai gane inda ta toshe ba.

Gaban namiji ba shi da ƙashi, ba kuma nama ne irin na damtse da aikin ƙarfi ke murɗawa ba. A cikinsa akwai waɗansu bututu biyu kwance gefe da gefe, cikinsu kamar soso. Idan sha'awa ta motsa, ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo ta cikin laka, ya gangara har ƙasan mara. Wannan saƙo shi ke sa hanyoyin jini su saki su buɗe, jini ya kwararo ya cika soson. Da ya cika sai ya danne ƙananan hanyoyin da jini ke bi ya koma, kamar dai ruwa ya shiga fangali an toshe bakinsa. Ƙarfin gaba ke nan: jini ne da ya shiga ya tsaya. Duk mai noman rani ya san wannan lissafi. Sai injin yana da lafiya, sai an sami wanda ya tayar da shi, sai mesa ba ta toshe ba, sai kuma fangali yana riƙe ruwa. In ɗaya ya ɓaci, albasa ta sha ƙishirwa ko da kogi cike yake.

A nan akwai abin lura. Mu Hausawa kalma ɗaya gare mu, jijiya, amma likitoci iri biyu suke nufi. Akwai jijiyar jini, ita ce mesar. Akwai kuma jijiyar saƙo, wadda take kamar wayar lantarki, ita ke kai umarni daga kai zuwa gaɓoɓi, ita ce kuma ke sa ka ji in ƙaya ta soke ka. Gaba yana bukatar duka biyun.

Sa'an nan kada kowa ya tsorata don ya gaza sau ɗaya ko sau biyu. Wanda ya wuni yana huɗa, ko ya kwana a bayan mota daga Legas, ko zazzaɓi bai gama sakinsa ba, in jikinsa ya ƙi ba shi haɗin kai wannan ba ciwo ba ne, gajiya ce. Abin da likita ke kira lalura shi ne a ɗauki wata uku ko fiye gaba ba ya miƙewa, ko yana miƙewa amma ba ya daɗewa har a biya bukata. Kuma abu ne mai yawa ƙwarai, kunya ce kawai ke rufe shi. A wani babban bincike da aka yi a jihar Masacuset ta Amurka, wanda aka bayyana a 1994, an tambayi maza 1,290 masu shekara 40 zuwa 70, aka tarar 52 cikin ɗari suna da raunin, wani kaɗan, wani da yawa. Waɗanda abin ya mutu musu ɗungum kuwa, 5 ne cikin ɗari a masu shekara 40, ya hau zuwa 15 cikin ɗari a masu shekara 70. Watau ke nan shekaru na da nasu rabo, amma ka ga ko a 'yan saba'in ɗin mafi yawa ba su mutu murus ba. Tsufa shi kaɗai yakan rage sauri ne. Cututtukan da ke rakiyar tsufa su ne ke yin ɓarnar.

To, mu koma kanka Malam. Yawan fitsari, musamman da dare, da ƙishirwar da ruwa ba ya kashewa, da ramewa alhali mutum na cin abinci, waɗannan su ne manyan alamun ciwon suga. Waɗansu sukan lura tururuwa na taruwa inda suka yi fitsari. Waɗansu kuma sai tafin ƙafa ya riƙa yi musu zugi ko dindiris, ko ƙaramin miki ya ƙi warkewa, ko gani ya fara hazo. Ba mu ce lallai shi gare ka ba, awo ne zai faɗa. Amma in shi ne, to ga amsar tambayarka, domin babu ciwon da ya kai suga lalata ƙarfin namiji. Shi ta fuska biyu yake ci. Sugan da ya yi yawa a jini yana cinye cikin jijiyoyin jini a hankali har su ƙanƙance su taurare, yana kuma kashe jijiyoyin saƙo. Ga mesa ta toshe, ga waya ta tsinke. Kimanin rabin maza masu ciwon suga suna fama da raunin gaba, kuma yakan zo musu da wuri, shekara goma zuwa goma sha biyar kafin ya zo wa tsararsu. Sau da yawa ma da shi ake fara gane mutum na da suga, don ciwo ne mai shiga ba sallama, ana iya shekaru da shi ba a sani ba.

Kun san yadda masu maganin kasuwa kan ce zaƙi ne ke kashe namiji. To a wannan wuri kam sun kusa da gaskiya, sai dai sun sauka a tashar da ba ita ba. Zaƙin da ke yin ɓarna yana cikin jini, ba wani majina ko tsutsa ne a dubura da za a wanke da ɗaci ba. Kuma ba mai shan shayi da lemon kwalba kaɗai yake kamawa ba. Tuwo da shinkafa da fura da rogo duk suga suke komawa a jiki, kuma ciwon yana bin jinin gida. Manomi siriri ma yana kamuwa.

Bayan suga sai hawan jini da kitsen da ke liƙewa a cikin jijiyoyi. A nan muna so kowane magidanci ya buɗe kunne, domin wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci a bayaninmu na yau. Jijiyar da ke kai jini ga gaba siririya ce, faɗinta milimita ɗaya zuwa biyu, kamar tsinken tsintsiya. Wadda ke ciyar da zuciya kuwa ta kai milimita uku zuwa huɗu. Idan laka ta fara taruwa a hanyoyin ruwa, ai ƙaramar mesa ke fara toshewa kafin babba. Saboda haka ne likitocin zuciya suka lura cewa maza da yawa da ciwon zuciya ya kayar, sun fara ganin raunin gaba shekara biyu zuwa biyar kafin ƙirjinsu ya fara ciwo. Ashe jiki ya aiko ɗan aike tun da wuri, aka tsaya ana ba ɗan aiken jiƙo. Duk mutumin da ya haura shekara 40 ya ga ƙarfinsa na raguwa sannu a hankali, wata bayan wata, to ya sani ruwa ba ya tsami banza, ya je a auna jininsa ko da ba ya jin ciwon komai. Hawan jini ba ya ciwo sai ya gama aiki.

Taba sigari ma a nan take shigowa, ita da shisha da samari suka ɗauka yanzu. Hayaƙin yana tsuke jijiya nan take, yana kuma lalata cikinta a kan lokaci. Haka nan tumbi. Mu a wurinmu in ɗan kasuwa ya ajiye teɓa sai a ce ya samu, alhali zaman rumfa daga safe zuwa magariba, ga tsire ga lemo, ko masallaci sai a kan babur, shi ke gayyato suga da hawan jini tare. A birnin Nafuli na ƙasar Italiya an yi wani gwaji da aka bayyana a 2004, da maza masu ƙiba 110 da ke da wannan rauni. Rabinsu aka sa su rage ci su riƙa motsa jiki har shekara biyu. Kimanin mutum ɗaya cikin uku a cikinsu ƙarfinsa ya dawo, ba tare da ya haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba.

Wani mai saurarenmu, mai sayar da goro a Gusau, ya ce shi tun da aka ɗora shi a kan maganin hawan jini abin ya same shi, shin ya daina sha? A'a Alhaji, kada ka daina. Gaskiya ne waɗansu magungunan suna rage ƙarfi, musamman tsofaffin na hawan jini irin su Aldomet da Inderal da masu sa fitsari irin Moduretic, haka ma Tagamet na gyambon ciki in an daɗe ana sha, da waɗansu magungunan damuwa da na taɓin hankali. Amma magungunan hawan jini iri-iri ne, akwai waɗanda ba su taɓa wannan wuri. Ka koma wurin likitan da ya rubuta maka, ka cire kunya ka gaya masa, zai canja maka. In ka ajiye magani da kanka, abin da ke jiranka shi ne shanyewar ɓarin jiki, ka ga ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Akwai kuma waɗanda mutum ke saya wa kansa da kuɗinsa. Giya da burkutu sukan tayar da sha'awa su kwantar da gaba, in an daɗe kuma su taɓa hanta da jijiyoyin saƙo. Amma wanda ya fi damunmu a ƙauyuka shi ne tiramol. 'Yan ƙwadago na sha don su yi noma ba gajiya, waɗansu samari kuma na sha wai don su daɗe a shimfiɗa. Da farko sai su ga kamar ya yi aiki. In aka ɗauki watanni, irin waɗannan ƙwayoyi suna danne sinadarin maza da 'ya'yan maraina ke yi, wanda likitoci ke kira testostiron, sai sha'awar ta tafi, ƙarfin ya bi ta. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafawa da shigowa da shi a 2018, shi ma danginsu ɗaya. Yaro ɗan shekara 25 da ya zo da mutuwar gaba, tambayar farko da likita zai yi masa ita ce me yake haɗiya.

Sauran dalilan na jiki ba su kai waɗannan yawa ba, sai mu ambace su a gurguje: karayar ƙugu ko rauni a laka sanadin haɗarin mota ko faɗowa daga bishiya, aikin tiyata a ƙullutun nan na ƙarƙashin mafitsara da ake kira furostet, ciwon ƙoda ko na hanta da ya yi nisa, da ƙarancin sinadarin maza, wanda alamarsa ita ce sha'awar kanta ta ɗauke, ga kasala.

Yanzu sai wasiƙar wani ango daga yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, tela ne, shekarunsa 24. Ya ce kafin aure lafiyarsa lau, kullum da asuba yakan tashi da ƙarfinsa, har yanzu ma haka ne, amma tun daren farko da ya shiga ɗakin amarya abin ya ƙi, yau kwana arba'in. Abokai sun ce wani tsohon manemin yarinyar ne ya yi masa ƙulli.

Ango, kwantar da hankalinka, kai naka mai sauƙi ne, kuma kai da kanka ka kawo shaidar. Namiji mai lafiya gabansa na miƙewa sau uku zuwa biyar a cikin barci kowane dare ba tare da ya sani ba, na ƙarshen ne yake tarar da shi da asuba. Muddin wannan na faruwa da ƙarfinsa, to injin lafiya, mesa lafiya, waya lafiya. Abin da ya rage shi ne mai tayar da injin, watau zuciya. Idan mutum ya tsorata, jiki na sakin wani sinadari mai suna adirinalin, aikinsa shi ne ya tsuke jijiyoyin da ba a bukata a lokacin gudu, ya tura jini ga ƙafa da hannu. Wanda kare ya biyo ai ba ya jin yunwa. To ka dubi halin da ango ke shiga ɗaki: mako guda yana hidima ba barci, ga bashin biki, ga abokai a ƙofa, ga tsofaffi na jiran labari da safe, ga yarinya ita ma a tsorace. Ya gaza a daren farko. Dare na biyu sai ya shiga yana tunanin kada a maimaita, wannan tunanin kuwa shi ne ke sa a maimaita. Haka abin ke zama sarƙa.

Maganinsa shi ne a cire jarrabawa daga cikin lamarin. Ku yi shawara da amaryarka ku ɗauki mako biyu ba ku nufi saduwa ba sam, sai hira da wasa da sabo da juna. Mafi yawan masu irin halinka kafin wa'adin ya cika abin ya warware da kansa. In bai warware ba ka ga likita, yakan ba da magani na ɗan lokaci don a karya tsoron.

Wannan bayani shi ne kuma amsar masu cewa, to in ba asiri ba ne, me ya sa mutum ke iyawa a ɗakin wannan matar ya kasa a ɗakin waccan? Jijiyar da ta toshe ba ta san ɗaki ba, in ta toshe ta toshe ko'ina. Wanda ke iyawa a nan ya kasa a can, a zuciyarsa abin yake: ko fargabar kada amarya ta raina shi, ko wani ɓacin rai da ba a furta ba, ko faɗan cefane da aka kwanta da shi. Talauci da bashi da asarar amfanin gona ma suna bin mutum har shimfiɗa. Sau da yawa kuma abubuwan biyu ke haɗuwa, suga ya rage ƙarfi kaɗan, tsoro ya ƙarasa sauran.

Saboda haka, Malam na Funtuwa, maganar uwargida. Mu ba malamai ba ne, ba kuma za mu hana kowa addu'a da neman tsari ba, addu'a da awon jini ba su taɓa faɗa da juna ba. Amma ka ɗora wa uwar 'ya'yanka laifi mai nauyi bisa maganar mutumin da bai tambaye ka sau nawa kake tashi fitsari ba. Idan aka auna aka tarar suga ne, da wane ido za ka dube ta? Kuma ka sani, in suga ne, ita ce dai za ta riƙa dafa maka abincin da likita zai tsara.

Basir kuwa, wanda kusan kowace wasiƙa ta ambata, a wurin likita kumburin jijiyoyin jini ne a bakin dubura, yakan yi zafi ko ya zubar da jini, yawanci saboda taurin bayan gida. Mai fama da zafinsa ba zai ji sha'awa ba, wannan gaskiya ne, kamar yadda mai ciwon haƙori ba zai ji ba. Amma a kasuwa an mai da basir buhun da ake zuba kowace cuta, ciwon baya basir, kasala basir, mutuwar gaba basir, har mutum ya shekara yana gudawa da jiƙo sugansa na can na cin jijiya. Ciwon sanyi da ake ɗauka wurin saduwa shi ma ciwo ne na gaske, yana sa fitar mugunya da zafin fitsari, in an bar shi ya tsuke hanyar fitsari ko ya hana haihuwa, amma ba shi ne ya saba kashe gaba ba. A kuma bambanta rauni da rashin haihuwa da saurin kawowa, abubuwa uku ne dabam. Akwai mai ƙarfi kamar doki da ba ya haihuwa, akwai mai rauni da ke da 'ya'ya goma.

Mutum huɗu sun yi tambaya a kan ƙwayoyin ƙarin ƙarfi da ake sayarwa a kemis da tasha. Asalinsu shi ne Viagra. Kamfanin Pfizer ne ya haɗa shi a Ingila yana neman maganin ciwon ƙirji na zuciya, sai mazan da aka gwada a kansu suka ba da labarin wani aiki dabam da yake yi, aka kuma amince da sayar da shi a Amurka a watan Maris na 1998. Magani ne na gaskiya, yana taimakon mutane da yawa, har da masu suga. Aikinsa shi ne ya taimaki jijiyar jini ta buɗe idan sha'awa ta zo. Ba ya kawo sha'awa, ba ya kuma warkar da abin da ya toshe jijiyar. Haɗarinsa babba shi ne ga mai shan maganin ciwon ƙirji, irin wanda ake sa wa a ƙarƙashin harshe da danginsa. In suka haɗu jini na iya faɗuwa warwas, mutum ya sume ko ya mutu. Shi ya sa likita ne ya kamata ya rubuta shi bayan ya duba zuciya. Kada kuma kalmar "na gargajiya" ta ruɗe ku. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama zuma da shayi da garin magani da aka ce tsirrai ne zalla, aka auna aka tarar an daka irin wannan ƙwaya a ciki, ba a kuma san yawanta ba. Ko kwalba na ɗauke da lambar NAFDAC, ka tambayi ma'aikacin lafiya kafin ka sha in kana da hawan jini ko ciwon zuciya.

Gargaɗi ɗaya da ba ma so ya wuce ku: idan gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya har awa huɗu, da magani ko ba magani, a tafi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Jinin da ya tsaya yana kashe soson nan, in ya mutu kuwa ba ya dawowa. Iyayen yara masu sikila su riƙe wannan da kyau, domin su abin kan same su haka kawai, yaro ya yi ta ɓoyewa don kunya har ya rasa mazakutarsa tun kafin ya yi aure.

Wata baiwar Allah daga Damagaram ta ce shekara biyu ke nan maigidanta bai kusance ta ba, in ta yi magana sai faɗa, ita kuma tana zargin ko ya daina sonta ne. Malama, sau da yawa faɗan nan kunya ce ta sa riga. Namiji kan gwammace a ce masa mugu da a ce masa ya gaza. Kada ki tunkare shi ta maganar shimfiɗa, ki tunkare shi ta maganar lafiya, ki ce ku je a auna ku ku biyu. Hakkinki kuwa yana nan, shari'a ba ta ɗauki wannan abin wasa ba. Ko a Risala an yi bayanin cewa mijin da ya kasa kusantar amaryarsa ana ba shi wa'adin shekara guda, in bai samu sauƙi ba tana da zaɓi. Yadda hukuncin zai hau kan halinki, wannan sai ki tambayi malamai ko alƙali. Mu dai abin da muka gani a ciki shi ne, tun da can an san lalura ce da ake ba lokacin neman magani.

To Malam na Funtuwa, ka tambaya ko ana warkewa. In suga ne, ba a rabuwa da shi, amma ana riƙe shi da magani da tsarin abinci mutum ya yi shekaru yana nomansa. Idan aka saukar da shi ɓarnar na tsayawa, ƙarfin jiki na dawowa, na gaba ma yakan ƙaru, ga kuma magungunan da likita zai iya haɗa maka da su. Jijiyar da ta daɗe da mutuwa ce ba ta cika farfaɗowa ba, shi ya sa wata goma sha huɗun nan ya isa haka.

Ga abin da za ka yi. Ka je babban asibitin da ya fi kusa da kai da sassafe, kada ka ci komai, kada ka sha koko ko shayi, ruwa kawai. Ka ce a auna maka suga da hawan jini. In awon suga kafin karin kumallo ya kai 126, ko 7 a irin na'urar da ke ƙirga da ƙananan lambobi, za su sake aunawa wata rana don su tabbatar. Hawan jini kuma daga 140 bisa 90 ake fara maganarsa. Ka zuba duk magungunan da ka sha a leda, na kemis da na kasuwa, ka tafi da su. In ka shiga wurin likita kada ka tsaya kewaye-kewaye da ciwon baya, ka faɗi abin da ya kawo ka, ya ji irinsa ya fi a ƙirga. Kuɗin awon duka bai kai na buhun masara ɗaya ba. In ka karɓo sakamako ka rubuto mana, muna so mu ji.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba wasiƙun da suka zo a kan tsargiya, watau fitsarin jini, daga masu noman shinkafa na Kura da Haɗeja. A huta lafiya.